Alhambra, Taj Mahal ko Burj Khalifa: Wanne Ya Cancanci Kuɗin Tafiyarka?

Wanda ya tara kuɗin tafiya ɗaya tak don ya je ya ga wani shahararren gini da idonsa, ruwan ido ne zai fara kama shi. A hoto duk suna da kyau, kuma kowane kamfanin yawon buɗe ido rantsuwa yake yi nasa ne ya fi. Ni ma'aunina biyu ne. Na ɗaya, idan ka shiga ciki me za ka samu wanda hoto bai riga ya ba ka ba? Na biyu, tikitin da ke hannunka zai buɗe maka ƙofar kuwa? Wannan na biyun shi mutane suka fi rainawa, kuma shi ne ke ɓata tafiya.

A fara sallamar waɗanda ba za su ci mana lokaci ba. Hasumiyar Pisa a Italiya karkacewarta ce kawai hajarta, in ka ɗauki hoto ka gama da ita. Burj Khalifa na Dubai, wanda aka buɗe a 2010, ya kai mita 828, babu ginin da ya kamo shi tsawo a duniya, amma tikitin da yawancin mutane ke saye a hawa na 124 da 125 yake ajiye su, wato sun ɗan wuce rabin ginin kaɗan. Sai ka ƙara kuɗi sosai a kai ka hawa na 148, kuma farashi na tashi da yamma lokacin faɗuwar rana. Abin da ka saya kallon gari ne ta bayan gilashi. Ginin kansa daga ƙasa ya fi kyan gani, can kuwa ba mai karɓar ko kwabo. Hasumiyar Eiffel ta Paris, da aka gama a 1889, ita ma ciwonta ke nan: da zarar ka hau ta, abin da ya fi komai kyau a Paris ya ɓace maka daga ido, don kana tsaye a kansa.

Dalar Giza a Masar ta fi waɗannan nauyi. Babbar cikinsu, ta Fir'auna Khufu, ta yi shekara wajen 4,500 a tsaye, tsawonta na asali kusan mita 146, kuma sai ka tsaya a gindinta za ka gane girman kowane dutse. Sai dai shiga cikinta tikiti ne daban, ka bi ƙunƙuntar hanya a duƙe cikin zafi, ka tarar da ɗaki da akwatin dutse babu komai a ciki. Aya Sofiya ta Santambul, da aka gama a 537, ta zauna coci, ta zama masallaci a 1453, ta koma gidan tarihi, ta sake komawa masallaci a 2020. Ƙubbarta abar kallo ce. Daga 2024 aka sa wa baƙi masu yawon buɗe ido Yuro 25, kuma bene na sama kaɗai suke zagayawa. Ga masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida yana fuskantarta, shigarsa kyauta.

Wanda ke iya ja da gwanina, Alhambra, da gaske shi ne Taj Mahal na birnin Agra a Indiya. Sarki Shah Jahan ne ya gina shi a kan kabarin matarsa Mumtaz Mahal da ta rasu a 1631. An fara aiki a 1632, aka kammala komai wajen 1653. Farin marmara ne da ke sauya launi daga asuba zuwa magariba, an dasa masa duwatsu masu launi cikin siffar furanni, ga ayoyin Alƙur'ani a bakin ƙofofi. Ba zan rage masa komai ba. Amma kusan duk kyansa a waje yake. Ciki ɗaki ne mai duhu-duhu, ana tura ku gaba cikin cunkoso, kuma kaburburan da ake nunawa alama ce kawai, na ainihin suna ɗakin ƙasa. A 'yan shekarun nan baƙo na biyan rupi 1,100, da ƙarin 200 in zai shiga hubbaren, kuma awa uku aka ƙayyade masa. Ranar Juma'a a rufe yake ga masu kallo. A Disamba da Janairu hazo kan rufe shi da safe har mutum ya tsaya a gabansa bai ga ƙubba ba.

Ni dai da za a ce in zaɓa wa mutum guda ɗaya, Alhambra zan ce, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi a birnin Granada na kudancin Sifaniya, ƙasar Andalus ta da. Daga waje ba zai burge ka ba, jar ganuwa ce da hasumiyoyi a kan tudu, da dutsen Sierra Nevada a bayanta. Dukiyar a ciki aka ɓoye ta, shi ya sa hoto ya kasa da shi.

Muhammad ibn al-Ahmar, wanda ya kafa daular Banu Nasr, shi ya fara aikin a 1238, kuma abin da ya fara kawowa tudun ruwa ne. Aka tare kogin Darro can sama da gari, aka janyo shi ta magudana mai nisan kilomita wajen shida, babu inji babu famfo, gangara ce kawai ke aiki. Wannan ruwan za ka riƙa ji a kunnenka duk inda ka bi. Fadojin da ake zuwa dominsu a ƙarni na 14 aka gina su, zamanin Yusuf na ɗaya da ɗansa Muhammad na biyar. Ka bi ta wani ɗan lungu, sai ka faɗo farfajiya mai doguwar tafkin ruwa, mita 34, hasumiyar Comares ta kwanta a cikinsa kamar a madubi. Cikin hasumiyar nan ne zauren da sarki ke karɓar jakadu, rufinsa an haɗa shi da gutsattsarin katako sama da 8,000 a siffar sammai bakwai. Wuyanka zai yi ciwo kafin ka ƙoshi da kallo.

Daga nan sai farfajiyar zakuna: zaki goma sha biyu na marmara ɗauke da kwanon ruwa, magudanai huɗu na ratsa tsakar gidan zuwa ɗakuna, ginshiƙai 124 sirara kewaye da su. A ɗakin da ake kira na 'Yan'uwa Mata Biyu, ƙubbar an sassaƙa ta da ƙananan ramuka dubbai, hasken tagogin sama na sauya mata kama kowace awa. Abin mamaki, yawancin wannan ado ba da zinariya ko tsadadden dutse aka yi shi ba, filasta ce da katako da tayil, gwanintar hannu ce ta ɗaga su.

Sannan ga abin da mai karatun Larabci zai fi sauran baƙi morewa: bangon magana yake yi. Taken gidan sarautar, "Wa la galiba illallah" (babu mai rinjaye sai Allah), yana ko'ina, an maimaita shi har ba ya ƙirguwa. Akwai ayoyi, akwai baitocin Ibn Zamrak, waziri kuma mawaƙin fada, har a bakin kwanon zakunan. Za ka ga ayarin baƙi sun wuce rubutun suna ɗaukarsa zane, kai kuwa ka tsaya kana haɗa baƙi. A 2 ga Janairun 1492 sarki na ƙarshe, Muhammad na goma sha biyu, ya miƙa garin ga sarakunan Kirista na Sifaniya, Ferdinand da Isabella. Jikansu Charles na biyar ya dasa tasa fadar a tsakiya daga 1527, ƙatoton gini mai kusurwa huɗu da zagayayyen tsakar gida. A wani wuri da an yaba masa, a nan kuwa ya yi kama da baƙon da ya shigo da takalmi. Sojojin Napoleon sun tarwatsa wasu hasumiyoyin a 1812 da za su fice. Duk da haka abin da ya rage ya isa ya cinye maka yini, in ka haɗa da ganuwar soja ta Alcazaba da lambunan Generalife. Kuɗin shiga duka bai yi nisa da Yuro 20 ba, ƙasa da na benen Aya Sofiya. Kuma birnin Kurɗuba (Córdoba), mai babban masallacin da Abdurrahman na ɗaya ya fara wajen 785, tana nan kusa a jirgin ƙasa.

Aibin Alhambra? Mai buƙatar biza sai ya nemi ta Schengen, wato ta haɗin gwiwar ƙasashen Turai, akwai hawan tudu, kuma Yuli da Agusta zafin Granada ba ya wasa. Babban aibin dai tikiti ne, a nan kuma nake so ka buɗe kunne.

Ana ƙayyade yawan masu shiga fadojin Banu Nasr, kuma a lokacin cunkoso, musamman Afrilu da Mayu, tikiti kan ƙare makonni kafin ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya: ka sayi tikitin shiga tukuna, sannan ka tsayar da ranar jirgi. Tikitin da sunanka yake fitowa da lambar fasfonka, kuma fasfon na ainihi za a nema a ƙofa. An buga masa lokacin shiga fada, ka makara ka rasa, ba roƙo ba magiya. Daga babbar ƙofa zuwa bakin fadar tafiya ce ta kusan kwatan awa a ƙafa, mutane da yawa a nan suke zubar da damarsu.

Ƙarancin nan shi ya haifi 'yan damfara. Ka rubuta sunan wurin a intanet, shafukan da za su fara fito maka na talla ne, an yi musu ado da hoton zakuna da tambari mai kama da na hukuma. Hukumar da ke kula da wurin sunanta Patronato de la Alhambra y Generalife, shafinta kaɗai ke sayarwa a farashin asali. Wani irin shafin nan ya taɓa sayar mini da "tikitin Alhambra" a kan ninkin kuɗi, ashe na lambuna da ganuwa ne kawai, babu fadojin a ciki, sai a bakin ƙofa mai gadi ya nuna mini. Irin tikitin halal ne, hukumar ma na sayar da shi da araha, zambar tana wajen ɓoye abin da babu a cikinsa. Don haka kafin ka sa lambar katinka, nemi kalmomin "Palacios Nazaríes", wato fadojin Banu Nasr, da kuma awar shiga a rubuce. In babu su, rufe shafin. Wasu kuma kuɗinka za su karɓa alhali ba su da tikitin a hannu, cinikin biri a sama ke nan, sai ana gobe su turo saƙo wai an soke. Duk wanda bai tambaye ka lambar fasfo ba, ba shi da abin sayar maka. In na hukuma ya ƙare, kamfanin 'yan rakiya mai rajista hanya ce, amma ka sa su rubuto maka awar shiga fada kafin ka biya.

Kada ka ɗauka Granada ce kaɗai. A 2025 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya ta ci tarar kusan Yuro miliyan 20 a kan kamfanonin da ke wawure tikitin Colosseum na Roma su sake sayarwa da tsada. A gaban ginin kuma masu shigar mayaƙan da za su rungume ka a yi hoto cikin raha, a gama su tsare ka da kuɗi. A kusa da babbar cocin Granada mata ne ke miƙo maka ɗan reshen ganye wai kyauta, ka karɓa su kama tafin hannunka su fara duba, daga nan sai biya. Kada ka miƙa hannu. A Santambul mai shafa takalmi zai yar da burushi a gabanka, ka tsinta masa, ya ce sai ya gode maka da shafa, ƙarshenta ya yanka maka farashi. A Giza mai raƙumi zai faɗi kuɗin hawa, sai kana can sama ka ji na sauka daban ne. A yi ciniki a ƙasa, hawa da sauka da tsawon zagaye, kuma kada ka ba kowa tikitinka ko wayarka in ba jami'in ƙofa ba.

Agra ta fi ko'ina yawan 'yan kamasho. Direba ko ɗan rakiya zai ce maka ƙofar nan a rufe take yau, ko ya ce bari ya kai ka wurin jikokin maginan Taj, ƙarewarta kanti ne da yake da kaso a ciki. Ƙananan Taj Mahal da akwatunan da ake sayarwa da sunan marmara, da yawansu wani dutse ne mai laushi, ka karce gindinsa da farce ko tsabar kuɗi za ka ga ya yi zane. Ɗan rakiya na gaskiya yana da katin shaida na hukuma, ka ce ya nuna.

Paris kuwa tsohuwar gona ce a wannan sana'a. A 1925 wani Victor Lustig ya yi shigar jami'in gwamnati, ya tara dillalan tsohon ƙarfe, ya ce za a rushe hasumiyar Eiffel, ya sayar wa ɗayansu ita ya gudu da kuɗin, kunya ta hana mutumin kai ƙara. Magadansa na yau ƙananan kaya suke yi: 'yan mata masu takardar neman sa hannu, ɗaya na riƙe da hankalinka ɗaya na lalube aljihunka, da masu cacar kofi uku a ƙasa waɗanda duk masu "cin" kuɗin a gabanka yaransu ne. Fasfo da katin banki su zauna a aljihun ciki, tikitin kuma ka buga shi a takarda ka ajiye kwafi a waya, don layin shiga fada ba ya jiran wanda cajinsa ya ƙare.