Kafin ka biya kuɗin buhun garin gilez, fara gasa ɗan kaɗan

Akwai shekarar da na sayi buhu biyu na garin felsfa, dutsen da ake haɗa gilez ɗin kofuna da tukwane da shi, a hannun wani dillali a nan Abuja, suna ɗaya, fari ɗaya, kuɗi ɗaya. Na farko ya ba ni kofuna sumul masu sheƙi. Na biyu kuwa, da na buɗe tanderu sai na tarar gilez ya kwaranyo har gindi, kusan rabin kofunan sun manne da inda aka ɗora su. Awona bai canza ba, wutata ma haka. Dutsen ne ba daga rami ɗaya aka haƙo ba.

Felsfa shi ne ƙashin bayan gilez, wato ruwan gilashin da ke mai da tukunya tangaran, don haka a kansa zan fi tsayawa. Iri biyu ne a kasuwa. Mai fotash, wanda dutsensa kan yi ja-ja, yana narkewa a hankali, ya yi kauri, ya tsaya inda ka shafa shi. Mai soda ya fi saurin narkewa da gudu, kuma gilez ɗinsa ya fi yawan tsattsagewa idan kaya sun huce. Wanda ake haƙowa a Kogi da Nasarawa yakan zo gauraye da farin dutsen kwaz da ɓawon maika mai ƙyalli, yawansu kuma ya danganta da yadda aka tsince shi kafin niƙa. Idan kwaz ya yi yawa, gilez ya fito a bushe, yana kartar hannu. Ni dai a gashin da ya kai digiri 1250 zuwa 1280, mai fotash nake nema, kuma na fi son in ga dutsen da idona kafin ya shiga injin niƙa. In ya zama gari, duk fari ne.

Mai ƙaramin jari kada ya raina ƙurar dutsen da ake fasawa a Mpape. Akwai felsfa da kwaz a cikinta, ga araha. Sai dai tana da ƙarfe, ba za ta ba ka fari ba, sai ruwan ƙasa ko kore mai duhu, kuma dole a sake niƙa ta ta yi laushi. Ba abin kunya ba ne. Cibiyar koyar da ginin tukwane da Baturen Ingila Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954, da kayan da ke kusa ta yi suna: duwatsu, yumɓu da toka.

Sai farar ƙasa, sunan da ke rikita masu saye. Wani in ya faɗe shi kawolin yake nufi, wato farin yumɓu, irin na Barikin Ladi ko Ƙanƙara ko Alkaleri, wani kuma garin dutsen siminti. Aikinsu ya saɓa: kawolin yana riƙe gilez ya hana shi gudu, ɗayan kuwa narkar da shi yake yi. Ɗiga ruwan lemun tsami a kan ɗan garin. In ya yi kumfa, ba kawolin ba ne. In kawolin ne, dama cokali biyu a kwalbar ruwa ka ajiye, yashin da ya kwanta a ƙasa shi zai gaya maka ko wankakke ne. Wankakke ya fi tsada, amma ɗanye kuɗin yashi kake biya.

Toka kyauta ce ko kusa da haka, kuma ita ta fi kowa sauya hali. Ta buntun shinkafa kusan duk silika ce, sinadarin da ke cikin kwaz, tana ƙin narkewa. Ta itace alli ya fi yawa a cikinta, tana sa gilez gudu. Tokar gidan burodi ta yau ba ita ce ta gobe ba, tunda itacen da aka samu ake hurawa. Tara da yawa a lokaci guda, ka tankaɗe, ka gauraya, ka wanke ta. Sa safar roba, ruwan toka yana cin fata, kuma rufe hanci duk lokacin da kake tankaɗe kwaz ko toka.

Idan tanderunka bai wuce digiri 1100 ba, kayan gida su kaɗai ba za su narke ba. Nan sai firit na waje, gilashin da aka riga aka narkar aka niƙa. Farashinsa na bin dala, amma garin buhun bana daidai yake da na bara, kuma yana zuwa da takardar abin da ke cikinsa. Nemi wanda babu dalma. Duk wanda ya ce ka zuba garin tsohon batir don gilez ya narke da wuri, ka ƙi, domin a cikin kwanon nan yara za su sha kunu. Ba mu manta da yaran da dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba. A kuma kula da yashin zakon, mai sa gilez ya yi fari, da ake tsinta a tsofaffin ramukan kuza na Jos: ɗanyensa kan zo da ma'adinai masu fitar da tururin radiyeshon, a sayi tataccen.

In buhu da yawa za ka ɗauka, kai samfur Cibiyar Bunƙasa Ƙarafa ta Ƙasa da ke Jos a auna maka. In ba hali, roƙi mai kaya ya ba ka cikin tafi ɗaya, ka dunƙula shi kamar ɗan tsinin ƙwai, ka gasa kusa da dunƙulen tsohon garinka. Idan sun narke daidai, sai ka koma ka ɗebi abin da zai kai ka shekara daga wannan tarin, ka rubuta watan da ka saya da inda aka haƙo a jikin kowane buhu.