Wajen motsa jiki na mata da nake zuwa: kwalliya ta biya kuɗin sabulu

Wajen na mata ne zalla a nan Kano, mai koyarwa mace, mai karɓar kuɗi mace, ko mai gadi ba ya wuce bakin get. Likita ce ta tura ni bayan hawan jini ya ƙi sauka, suga kuma ya fara leƙowa, ga gwiwa da ta hana ni sallah a tsaye sai a kujera. Kuɗin wata da suke karɓa da farko na ga kamar ya yi yawa gaskiya, amma da na zauna na lissafa abin da nake kai wa kemis duk wata sai na ga ai can ne kuɗin ke tafiya.

Ku duba fa, amlodipine da lisinopril na hawan jini kullum, metformin na suga safe da yamma, diclofenac saboda gwiwa sannan a ƙara da maganin olsa saboda shi diclofenac ɗin yana cin ciki, ga tsinken gwajin suga wanda shi kam kullum farashi sabo, ga kuɗin adaidaita zuwa asibiti da dawowa, ga wunin da zan rufe shago ina bin layi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 naira ta faɗi, magani ya zama abin da ya zama, mu kuma da ba ma'aikatan gwamnati ba ba mu da inshorar lafiya ta NHIA, daga aljihu komai yake fita.

Abin da ya fi burge ni da wajen, ba sa hana ki abincin gidanku. Mai koyarwar ba ta taɓa ce min in sayo wani abincin Turawa ba, cewa ta yi Hajiya tuwon nan ki ci malmala ɗaya ki cika kwanon da miyar ganye, ki riƙa kwaɗon zogale da rama, wake ya fi shinkafa yawa a faranti, zoɓo da kunun aya ba suga, dunƙule biyu ya ishi tukunya. Ita ta ɗauko kwalbar lemo ta ɗibi suga da cokalin shayi tana zubawa a kofi a gabanmu har kusan cokali 9, ta ce ga abin da kuke sha da rana ɗaya, wallahi tun ranar lemon kwalba ya fita a raina. Ta kuma faɗa mana Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 na motsa jiki take so a sati, gishiri kuma kada ya kai giram 5 a rana, kuma ko kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinki kika rage za ki ga canji a jini da suga, ba sai kin koma kamar 'yar shekara ashirin ba.

Kuma na gani. Na sauke kilo goma da 'yan kai a hankali, likita da kanta ta cire min ɗaya daga magungunan hawan jinin ta rage metformin, diclofenac kuwa na daina saye gaba ɗaya, da shi da na olsar. Yanzu abin da nake kashewa a kemis bai kai rabin na da ba, ko an haɗa da kuɗin wajen motsa jikin akwai saura. Don Allah kada wata ta karanta wannan ta ajiye maganinta da kanta, likita ce ke ragewa bayan ta auna. Ni abin da ke tsorata ni wankin ƙoda ne, na ga gidan da aka sayar da fili saboda shi, kuma hawan jini da suga su ne manyan masu kai mutum can.

Sai dai akwai inda suka gaza. In an ɗauke wuta injin gudu ya tsaya kenan, janareta ba kullum ake tayarwa ba, zafi kuma a watan Afrilu ba a magana, fanka biyu ce a ɗakin duka. Sikelinsu ma yana bambanta da na asibiti. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne shayin rage ƙiba da wata ma'aikaciya ke tallatawa a bakin ƙofa, babu lambar NAFDAC a jiki, gudawa kawai yake sa mutane, na yi wa mai wajen magana ta ce za ta hana amma har yanzu ina ganinsa.

Sannan ki shirya wa surutun dangi, lafiya kika rame haka, ko maigida ne ya ƙaro aure, wata har sha-ka-fashe ta ce in nema. Ina ba su amsa da cewa yanzu a tsaye nake sallah. In za ki je ki zaɓi ajin safe bayan kai yara makaranta, ya fi sanyi kuma ba cunkoso, ki tafi da ruwanki da takalmi mai taushi, ki kuma nuna musu katin asibitinki tun ranar farko.