Sharhi Kan Ƙaramar Nissan Skyline GT-R ta Tamiya Mai Ma'aunin 1/24

Kwalin wannan mota ya yi kusan shekara biyu a kan kanta kafin in buɗe shi, kuma duk wanda ya daɗe a harkar haɗa ƙananan motocin roba ya san wannan ciwo, wato mutum ya riƙa ɗora kwali a kan kwali alhali wadda ya fara bai ƙarasa ba. Da na zauna mata, sai da ta ci mini mako biyar ina taɓawa da daddare, mafi yawan lokacin kuma ya tafi ne wajen jiran fenti ya bushe. Ra'ayina a kanta shi ne kaya ne mai kyau ƙwarai ga wanda ya riga ya haɗa mota ɗaya ko biyu, amma ba ita zan miƙa wa wanda bai taɓa riƙe burushi ba.

Wanda bai san harkar ba ya kamata ya sani cewa ba mota zai tarar a cikin kwalin ba. Zai tarar da bodi guda, da firam-firam na roba waɗanda ƙananan sassa ke maƙale a jikinsu, kowanne da lambarsa, da firam mai garai-garai na gilasai da fitilu, da tayoyi huɗu na roba mai laushi, da 'yar takardar tambura, sai littafin umarni. Babu gam kuma babu fenti a ciki, kamar yadda aka saba a irin waɗannan kaya, don haka dole mutum ya tanadi nasa, haɗe da abin yanka, da wuƙa mai siririn baki, da samfefa, da hantsaki.

Motar da aka kwaikwaya ita ce Skyline GT-R samfurin R32, wadda Nissan ta ƙera daga 1989 zuwa 1994. Injinta mai suna RB26DETT yana da silinda shida a jere da turbo biyu, girmansa lita 2.6, kuma yana iya tura ƙarfi zuwa duka tayoyi huɗu. A gasar motoci ta Japan ta rukunin A, daga 1990 zuwa 1993, ta shiga tsere 29 ta cinye 29, sannan ta lashe tseren Bathurst na Ostareliya a 1991 da 1992, kuma 'yan jaridar ƙasar ne suka laƙaba mata sunan Godzilla. Tsawon ta gaske ya ɗan haura mita huɗu da rabi, saboda haka idan aka raba shi gida 24 sai a sami kimanin santimita 19, wato abin da zai zauna a kan tafin hannu ya ɗan yi rara. Shi kuwa kamfanin Tamiya, a Shizuoka ta Japan yake, ya fara a 1946 da sana'ar katako kafin ya koma roba, kuma a yankin ne sauran kamfanonin harkar irin su Hasegawa da Aoshima da Fujimi su ma suke.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda sassan suke zama a mazauninsu. Ɗabi'ata ce in gwada kowane sashe ba tare da gam ba kafin in manne shi, kuma a nan da wuya na sami inda sai na kankare ko na tilasta. Rabi biyu na injin sun haɗu baki da baki, har sai da na kai su kusa da fitila kafin in ga layin da ya raba su. Wannan yana da muhimmanci saboda yadda gam ɗin harkar yake aiki. Ba ya zama tsakanin abu biyu ya riƙe su kamar gam ɗin takarda. Narkar da fuskar robar yake yi, sai ɓangarorin biyu su zama abu ɗaya idan ya bushe. Mai ruwa-ruwan, wanda yake zuwa da ɗan burushi a jikin murfinsa, ana haɗa sassan ne tukuna sannan a ɗiga shi a bakin layin, sai ya bi tsagar da kansa. Idan akwai giɓi, ba zai cike shi ba. Idan kuma yatsa yana kusa da layin, zai bi ƙarƙashin yatsan ya bar zanensa a jikin robar, abin da na koya tun a motata ta farko.

Kasancewar injin a ciki shi ne babban dalilin da zai sa a zaɓi wannan kwali, domin da yawa daga cikin ƙananan motoci masu wannan ma'auni bonet ɗinsu a rufe yake, babu komai a ƙarƙashinsa. A nan kuwa mutum zai fente kan injin da baƙi, ya bi bututun turbo da launin alminiyam, ya ɗora shi a kan casis, ya ga yadda salansa take bi ta ƙasa har baya. Sai dai kada a yi tsammanin wayoyi da ƙananan tiyo, domin injin zuba roba ba ya iya fitar da abu mai sirantaka irin wannan. Ni na warware wata tsohuwar wayar caja, na zare siraran cikinta na ƙara guda uku ko huɗu, kuma wurin ya cika ido fiye da yadda na zata.

Ba a nan gizo yake saƙar ba, a wajen bodi ne. Kowace mota ta roba tana fitowa da siririn layi a inda ɓangarorin ma'ajin zubin suka haɗu, kuma idan ba a goge shi ba, fenti ba ya ɓoye shi, ƙara bayyana shi yake yi. Na bi layukan da samfefa mai lamba 600, na biyo da 1000, na wanke bodin da ruwan sabulu don cire maiƙon hannu, sannan na fesa shimfiɗar farko mai launin toka. A wannan matakin ne duk wani kurji da ya ɓuya yake fitowa fili, kuma sai da na koma kan samfefa sau biyu. Na zaɓi launin toka mai duhu mai ɗan ƙyalli, wanda aka fi sanin motar da shi, na fesa shi siriri-siriri sau uku daga nisan kamar taƙi ɗaya, ina barin lokaci tsakanin kowace fesawa. Fenti mai ƙyalli ba ya yafe kuskure: idan aka matso da gwangwanin sai ya taru ya zubo, idan aka yi nisa sai ya bushe a iska ya sauka da kaushi kamar yashi. Bayan shi sai fenti mai garai-garai, sai kuma haƙurin mako guda a cikin kwali mai murfi saboda ƙura. Wanda ya taɓa shi a kwana na biyu don ya ji ko ya bushe, zai ga shaidar yatsansa a kan rufin motar duk ranar da ya kalle ta.

Kuskuren da na yi a wannan karon nawa ne ni kaɗai. Da zan kafa gilashin baya, farin gam ɗin da nake amfani da shi ya ƙare, sai gaggawa ta sa na ɗauko gam mai kamawa nan take na ɗiga a kusurwa biyu. Washegari na tarar da wani farin hazo ya mamaye gefen gilashin, domin tururin irin wannan gam yana sauka a kan roba mai garai-garai ya daskare. Na shafe dare biyu ina gogewa da samfefa mai lamba 2000 da man goge fenti a kan auduga kafin ya dawo yadda za a iya kallo, kuma har yanzu idan haske ya bugo ta gefe ina ganin tabon, ko da yake babu wanda ya taɓa lura da shi sai ni.

Cikin motar ba shi da wahala, kusan duka baƙi ne da toka, sitiyarin yana dama kamar yadda yake a motocin Japan. Tamburan irin na ruwa ne, ana yanka kowanne a tsoma shi kamar daƙiƙa goma, a jira ya saki, sannan a zame shi zuwa wurinsa da jiƙaƙƙen burushi. Na agogon dashbod sun fi ƙwayar ido ƙanƙanta, kuma bayan an rufe bodi da ƙyar ake hango su, amma ban ga dalilin tsallake su ba. Fitilun baya guda huɗu masu zagaye, waɗanda su ne alamar Skyline, na shafa musu jan fenti mai garai-garai ta ciki, na sa launin azurfa a bayansu, sai suka yi zurfi kamar na gaske. Baƙin gefen gilasai da na tagogi shi ne aikin da ya fi cin rai, domin sai an yanka tef an bi lanƙwasa a hankali, kuma nan ne nake ganin sabon shiga zai iya karaya.

Ga masu tarawa, girman 1/24 shi ne wanda kamfanonin Japan da Turai suka fi bi, yayin da na Amurka irin su AMT da MPC suka fi yin 1/25, bambancin kuma ba ya damun ido idan an jera su a kanta ɗaya. Wanda yake son ajiye kwalin a rufe ya nisanta shi daga zafi da danshi, domin takardar tambura ita ce take fara lalacewa, ta yi rawaya ko ta farfashe da zarar ta taɓa ruwa, kuma yana da kyau a ware tayoyin a cikin 'yar leda don kada su daɗe suna gugar gilashi. Wadda aka gama kuwa akwati mai garai-garai take buƙata, nesa da hasken rana. Tawa tana cikin irinsa yanzu, na ajiye bonet ɗin a gefenta don injin ya fito, na kuma juya ɓangaren da tabon yake ya fuskanci bango.