Shekara goma ina tuƙa Honda Accord, ga abin da zan iya shaida a kanta

Ranar da na je sayen motar nan a Kano, cikin 2014, dillalin bai cika ni da zaƙin baki ba. Makulli ya miƙo min ya ce, "Malam, tayar ka saurara." Na murɗa, injin ya tashi, na zauna ina jiran in ji rugugi ko kakkarwa a sitiyari, shiru. Sai da na dubi allura na tabbatar da cewa a kunne take. Honda Accord ce ƙirar 2004, ruwan toka, mai silinda huɗu, wadda ta gama zamaninta a Amurka ta shigo mana ta Kwatano. 'Yan kasuwa sun laƙaba mata End of Discussion, wato an gama magana, mu kuwa EOD kawai muke cewa. Kafin ita an yi yayin Hala da Henesi, bayanta kuma aka kawo wadda ake kira DC. Duk wanda ya girma a Kano ko Kaduna ko Zariya ya san waɗannan sunaye ko da bai taɓa mallakar ko keke ba.

Ni malamin makaranta ne, ina kuma ɗan taɓa sayar da taki da iri idan damina ta kusa. Saboda haka motar ba ta san hutu ba. Da safe ta kai yara makaranta, ranar kasuwa ta ɗauki buhu biyu ko uku a but, ƙarshen wata ta nufi Kano ko Funtuwa. Ta kai amarya, ta kai mara lafiya asibiti da tsakar dare, ta raka gawa maƙabarta. Abin da zan faɗa a kanta ba jita-jita ba ne.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, gyaran keke ya yi duk rayuwarsa a Tudun Wada. A gabansa na koyi ɗaura kaca da yin faci. Shi ya sa ranar da na karanta cewa wanda ya kafa kamfanin nan, Soichiro Honda, ɗan maƙeri ne mai gyaran kekuna, sai na ji motar ta ƙara shiga raina. An haife shi a 1906 a wani ƙauye kusa da Hamamatsu a ƙasar Japan. Bai yi nisa a boko ba. Yana ɗan shekara 15 ya tafi Tokyo ya shiga wani gareji mai suna Art Shokai a matsayin yaron gida, ya yi shekara shida yana koyon kanikanci, sannan ya koma garinsu a 1928 ya buɗe reshen garejin. Wato dai hanyar da yaranmu na Ƙofar Ruwa da Panteka suke bi, ita ya bi: wanke sifana, shiga ƙarƙashin mota, har a yaye ka.

Wurin da labarinsa ya fi kama ni shi ne maganar ringi. A 1937 ya shiga ƙera ringin fistin, da niyyar sayar wa Toyota. Aka ɗebi guda 50 daga cikin kayansa aka gwada, uku kaɗai suka tsallake. Mutum ne da ya riga ya yi suna a gyaran mota, yana da yara a ƙarƙashinsa, amma ya tattara girmansa ya ajiye ya koma aji a makarantar koyon fasaha ta Hamamatsu don ya gane halin ƙarfe. Ashe sinadarin silikon ne ya yi ƙaranci a zubin nasa. Ya gyara, Toyota ta dawo tana saye. Sai yaƙin duniya na biyu ya zo, bam ya rushe masa masana'anta ɗaya a 1944, girgizar ƙasa ta rushe ɗayar a 1945. Abin da ya rage ya sayar wa Toyota, ya sake farawa daga ƙasa. A 1946 ya sami wasu ƙananan injina da sojoji suka bari, waɗanda ake ba rediyo wuta da su, ya riƙa ɗaura su a jikin keke yana sayarwa. Daga nan aka kafa kamfanin Honda a watan Satumba na 1948.

Na kawo maganar ringi ne saboda a shekara goman nan ba a taɓa buɗe kan injin motata ba. Ba a canza ringi ba, ba ta hayaƙi, ba ta shan baƙin mai fiye da ɗan abin da za a ƙara kafin juye na gaba. Bakanikena, dattijo ne da ya fi shekara talatin yana wannan aiki, duk lokacin da ya buɗe bonet sai ya ce, "Malam, wannan injin in ba kai ka kashe shi ba, ba zai mutu ba." Injin lita 2.4 ne, kuma da kaca yake aiki, ba bel ba, don haka babu fargabar bel ya tsinke a hanya ya lanƙwasa bawul. Mai silinda shida ita ce ke da bel, wanda dole a canza shi idan lokacinsa ya yi. Abin da nake yi wa nawa bai wuce juye a kan lokaci da mai mara kauri ba, irin wanda aka rubuta a murfin injin. Da yawa a nan suna zuba mai kauri da tunanin zafin ƙasarmu ne ke buƙatar haka. Ni ban bi su ba, kuma ban yi da-na-sani ba.

A kan titi kuwa, daɗin tuƙinta ne ya sa mutane suka mace mata. Tana kwanciya a kwalta, ba ta rawa a kwana, kana taɓa totur ta amsa. Daga Zariya zuwa Kano, idan hanya ta yi kyau kuma ban matsa mata ba, abin da take sha bai wuce lita 15 ba. Kafin 2023 wannan lissafi bai dame ni ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar, kowace lita sai na san inda ta tafi, kuma a nan ne na gode Allah da ban bi shawarar abokaina na ɗauki mai silinda shida ba. Wasu daga cikinsu sun jingine nasu sun koma kan babur.

Babur ma ai sana'ar gidan Honda ce. Kamfanin ya fi shekara goma yana ƙera babur kafin ya taɓa mota. Super Cub da suka fitar a 1958, zuwa 2017 an ƙera guda miliyan 100, babu wani abin hawa mai inji da ya kai wannan adadi. Motarsu ta farko sai a 1963, wata 'yar ƙaramar a-kori-kura ce mai suna T360, kuma sun yi ta ne a gurguje saboda gwamnatin Japan na shirin kafa dokar da za ta hana sababbin kamfanoni shiga ƙirar mota. Civic ta fito a 1972, ta zo daidai da tashin farashin mai na 1973, ga kuma injinsu na CVCC da ya cika sharuɗɗan dokar hayaƙi ta Amurka a lokacin da manyan kamfanonin can ke cewa abin ba zai yiwu ba. Accord ta biyo baya a 1976. A 1982 suka fara ƙera ta a Marysville da ke jihar Ohio, kamfanin Japan na farko da ya ƙera mota a Amurka, wanda shi ne dalilin da ya sa yawancin waɗanda muke hawa a nan daga can suke fitowa ba daga Japan ba. Ko a Najeriya suna da masana'anta a Ota ta jihar Ogun tun 1979, inda ake haɗa babura.

To, yanzu maganar ƙafa, wadda ita ce duk wanda zai sayi EOD ake tsorata shi da ita. Babu wanda bai taɓa ganin Honda a gefen titi ba, tayar gaba ta turgude ta kwanta a ƙarƙashin bodi. Ni ma ta taɓa faruwa da ni, kuma zan faɗi yadda aka yi ba tare da na ɓoye komai ba.

A shekarata ta uku da motar na fara jin wani ɗan ƙas-ƙas a gaba idan na hau gargada. Bakanike ya ɗaga ta a jak ya girgiza taya ya ce boljoyin na ƙasa, wato gaɓar ƙarfen da ke haɗa taya da ƙafar mota, ya tafi. Ya ce in kawo kuɗin gangariya. Na je kasuwa da kaina, wani mai shago ya nuna min guda biyu a kwali iri ɗaya, ɗaya rabin kuɗin ɗayan, ya rantse min duk abu guda ne. Na ɗauki mai arha. Dattijon nan ya jujjuya shi a hannu ya ce, "Malam, wannan ba zai kai ka ko'ina ba, amma tunda ka kawo zan ɗaura." Wata huɗu ba su cika ba. Ina fitowa daga kwanar unguwarmu a hankali, matata na gefe, yara biyu a baya, sai na ji gaban motar ya faɗi, ƙarfe na kartar ƙasa. Babu wanda ya ji ciwo. Amma a ranar da daddare na kasa barci, ina ta tunanin da a ce a kan hanyar Kano ne, a cikin gudu, tirela na bayana.

Bayan haka ne na zauna aka yi min bayanin abin dalla-dalla. Ƙafar gaban motar nan hannu biyu gare ta, na sama da na ƙasa, kuma wannan tsari shi ke ba ta kwanciyar da muke yabo. Amma nauyin gaban motar a kan boljoyin na ƙasa yake bi. Yana da wata roba da ke riƙe giris a ciki. Idan robar ta yage, giris ya tsiyaye, yashi da ruwan damina su shiga su riƙa cinye ƙarfen a hankali har ranar da zai zare. A ƙasar da aka yi motar dominta, titi sumul yake, kuma ana duba ta a kai a kai. A nan kuwa ramuka ne, ga lodi, ga jabun kaya da suka cika kasuwa. Abin lura kuma shi ne yawanci ba ya zarewa ba sallama. Sai ya yi ƙara, sai sitiyari ya yi nauyi ko ya riƙa kuka idan ka juya. Tun daga wancan lokaci, duk juye biyu sai an ɗaga motar an duba ƙafa, kuma kayan ƙafa ba na sake neman arha a kansu. Shekara bakwai ke nan, abin bai sake faruwa ba.

Akwai ƙananan abubuwa da ya kamata mai saye ya sani. Giyarta ba ta son kowane irin mai, nata na musamman za a zuba, kuma yawancin giyar da ake cewa ta lalace, idan ka bi diddigi wani mai aka ɗura mata. Ƙasa-ƙasa take, don haka idan garinku sai an ratsa rafi ko burji mai zurfin rami, ba motarka ba ce. Ni kaina idan zan shiga ƙauye da taki a tsakiyar damina, a bakin kwalta nake ajiye ta in nemi a-kori-kura. Kayan gyaranta kuwa ba a wahalar samu, sabo da na gwanjo, kuma da wuya ka shiga garin da babu bakaniken da ya san ta.

Abu guda da ba na jin ana maganarsa a nan, kuma yana damuna, shi ne jakar iskar da ke fitowa daga sitiyari idan an yi haɗari. Wani kamfanin Japan mai suna Takata ya yi wa masu ƙera motoci da dama wannan jaka, ciki har da Honda da Toyota da Nissan, daga baya aka gano cewa sinadarin da ke hura ta yana lalacewa idan ya daɗe a cikin zafi da laima, har ya iya fashewa ya watso ɓaraguzan ƙarfe. An yi asarar rayuka, aka janye miliyoyin motoci don a canza, kamfanin Takata kuma ya durƙushe a 2017. Accord ta waɗannan shekaru tana cikin waɗanda abin ya shafa. Motocin da suka baro Amurka kafin a kira su, babu wanda ya bi su da wasiƙa. Duk mai irin wannan mota ya ɗauki lambar shasi, wadda ke rubuce a gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba, ya sa wani yaro mai waya ya duba masa a intanet ko an canza tasa. Ba ya cin minti biyar.

Idan ƙanina ya zo yau ya ce yana da 'yan kuɗi yana son motar iyali, zan ce ya nemi mai silinda huɗu wadda ba a buɗe injinta ba, ya je da bakaniken da ya amince da shi, kada ya biya sai an ɗaga ta an girgiza tayoyin gaba a gaban idonsa, kuma ya ware kuɗin sabon boljoyin gangariya tun ranar farko ko da an ce masa na jiki lafiya lau yake. Wanda kuma ya san halinsa ne ya ji ƙara a mota ya ƙara sautin rediyo, gara ya nemi wata.

Fentin tawa ya koɗe a saman bonet, kujerar direba ta fashe an yi mata riga, esi sai an ƙara masa gas duk bazara. Makon jiya wani dillali ya tare ni a gidan mai ya taya ta, na ce ba ta sayarwa ba ce. Babban ɗana ya cika shekara goma sha takwas, a cikinta nake koya masa tuƙi a filin idi duk yammacin Asabar. Kafin ya tayar, sai na sa ya durƙusa ya leƙa bayan tayar gaba ya faɗa min ko robar tana nan lafiya.