Filin fakin ɗin ya yi kyau, amma mai mashin ba shi da daraja a wurin

In da mota za ka je, filin ajiye motoci na sabuwar plazar nan ta cikin garin Bauchi ba shi da makusa. An shimfiɗa intalok, an ja layi, kuɗin fakin ma daidai ne. Na taɓa shiga a motar yayana, har na yaba musu. In kuwa mashin gare ka irina, karanta wannan kafin ka je ka ɓata ranka.

Ranar wata Asabar na goyo uwargida za mu karɓo wayarta daga wurin mai gyara a hawa na biyu. Muna isa get wani matashin mai gadi ya ɗaga mini hannu.

"Oga, mashin ba ya shiga."

Na ce masa ni ba ɗan acaɓa ba ne, ga iyalina a baya, kuma zan biya kuɗin mota cif, ba ragi nake nema ba. Ya ce umarni ne daga sama. Na waiga ko zan ga allon da aka rubuta hakan, babu ko ɗaya. Motoci suka taru a bayanmu ana ta danna mana hon, dole uwargida ta sauka a tsakiyar rana tana gyara mayafi, mutane suna kallo, ni kuma na ja mashin da baya da ƙafa. Wannan tsayuwar ta fi komai yi mini ciwo.

Na kafe shi a bakin kwalbati, cikin mashina birjik da aka kora kamar ni, na kulle wuya muka shiga. Muna fitowa na tarar layin gaba ɗaya a kwance. Jak ɗin wani ne ya nutse a yashi, nasa ya faɗi ya kwashe na kusa da shi, har abin ya iso kan Boxer ɗina. Madubin dama ya fashe, hannun birki ya karye, tanki ya lotsa, ga fetur yana tsiyaya yashi na shanyewa. Fetur a wannan zamani!

Na koma get ɗin a fusace. Wani dattijo cikin masu gadin ya riƙo hannuna ya ce, "Ɗana, yi haƙuri, zo in nuna maka abu." Ya kai ni gindin sandar nan mai ɗagawa da kanta, ya nuna mini wani zane mai kusurwa huɗu da aka yanka a siminti aka cike da kwalta. Waya ce aka naɗe a ƙarƙashi, aikinta ta ji ƙarfe. Mota cikinta faffaɗan ƙarfe ne, muddin tana kan zanen sandar ba za ta sauko ba. Mashin kuwa ƙarfensa kaɗan ne, balle roba-roba, kuma in mutum ya bi ta inda wayar ba ta ji sosai, na'urar sai ta ɗauka hanya ta buɗe ta saki sandar. Ya ce, "In ta sauko kan mota fenti ne zai kwarzane. In ta sauko kanka fa, ko kan wadda ka goyo? Ga shi ba ku sa hular kwano." Nan jikina ya yi sanyi, don gaskiya ya faɗa.

Ya ƙara da cewa mai mashin yana iya raɓawa ta gefen sandar ko ya bi gindin mota ya fice ba tare da kati ba, lissafinsu ya rikice. Sai maganar sata, wadda ita ce ma babbar fargabar masu wurin. Mutum biyu sun isa su ɗaga mashin cak su jefa a bayan mota, makullin wuya bai hana komai ba, kuma da zarar sun karɓi kuɗinka amana ta hau kansu. Ya ambaci baƙin mai da ke ɗiga ya ɓata intalok, ban ɗauki wannan da muhimmanci ba, tsofaffin motoci ma suna yoyo. Na kuma san tun da aka hana mashin a Maiduguri a 2011, Kano ta hana acaɓa a 2013 saboda masu hawa babur suna kai hari, masu gadi a Arewa ba su sake kallon mai babur da idon rahama ba. Na ce, "Baba, na gode, Allah ya saka." Har na yi niyyar in rubuta cewa suna da hujja, a yi musu uzuri.

To amma da muka zagaya ta baya neman mai gyara, me zan gani? Mashinan ma'aikatan plazar a jere kusa da janareta, cikin inuwa, ta ƙaramar ƙofa suka shige. Ashe hanyar tana nan, ba ta bi ta ƙarƙashin wata sanda ba. Ranar sai ɓacin raina ya dawo sabo. In sandar ce matsala, ga ƙofa. In sata ake tsoro, su je kasuwar Wunti ko Muda Lawal su ga yadda masu tsaron mashina ke yi: a ba ka kati mai lamba, a maƙala ɗan'uwansa a jikin mashin, ba mai fita da shi sai lamba ta yi daidai, har kwali suke ɗora maka kan kujera don kada rana ta gasa ta. Ba na'ura, ba kwamfuta. Gurbin mota ɗaya yana ɗaukar mashina da dama, in aka tara kuɗinsu ya fi na motar. Ina asarar take?

Kuma su waye ke sayayya a shagunan? Tun da aka cire tallafin mai a 2023, malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati da yawa sun jingine motocinsu sun koma kan mashin. Mu ne masu gyaran waya, mu ne masu kai ɗinki. Mai shagon da muka je wurinsa da kansa ya ce mini abokan cinikinsa suna ta ƙorafi, wasu sun daina zuwa, shi kuma haya bai fasa biya ba. Na nemi ganin manaja aka ce ya fita. Ko allo ɗaya su kafa a bakin titi mutum ya sani tun daga nesa, kada a tsayar da shi da iyalinsa a gaban jama'a, wannan ma sun kasa.

Dattijon nan mutumin kirki ne, shi kaɗai ya ba ni haƙuri, alhali ba shi ya kafa dokar ba. Madubi da hannun birki daga aljihuna na saya a ranar. Tankin kuwa mai gyara ya ce sai an kwance shi an buga, kuma fentin ba zai koma yadda yake ba.