Gargaɗi ga masu neman sabuwar bashe a Maraɗi: a kula da masu tallar "mota daga Dubai" da na'urar rage shan mai

Assalamu alaikum jama'ar Maraɗi da kewaye. Akwai wasu mutane da ke yawo cikin garin nan suna tallar motocin bashe, wato masu buɗaɗɗen baya na ɗaukar kaya, galibi Toyota Hilux, suna cewa sababbi ne fil daga Dubai, kuma kuɗinsu ya fi na ko'ina sauƙi. Ƙarya suke yi. Tsofaffin motoci ne da aka yi wa kwaskwarima, kuma da zarar mai saye ya fara kukan shan mai, su ɗin ne dai za su dawo su sayar masa da wata ƴar na'ura wai mai rage shan gazuwal. Sau biyu suke cin mutum ɗaya. Sana'ata gyaran mota ce, irin waɗannan motocin sun shigo garejina, na kwanta ƙarƙashinsu na duba da idona, kuma raina ya ɓaci ƙwarai da abin da na gani.

Ba su da shago, ba su da filin ajiye motoci. Ɗan kamasho suke turowa, mutum mai tsabta da iya gaisuwa, ya zauna a rumfar ɗan kasuwa ya sha shayi, ya buɗe WhatsApp ya nuna hotuna da bidiyo: mota fara tas, kujeru cikin leda, kwanta tana nuna ƴan kilomitoci kaɗan. Sun san waɗanda suke nema. Masu fataucin aya da wake da riɗi da ke shiga kasuwannin ƙauye wajen Agiye da Tasawa da Mayahi, masu dabbobi da ke zirga-zirga zuwa Dakwaro, da ƴan kwangila, duk mutanen da bashe ce ƙafarsu, kuma duk mutanen da ke riƙe da kuɗi a hannu bayan kaka. Sai a ce motar tana tashar jirgin ruwa ta Lome, saura ta ratso Burkina, amma akwai wani Alhaji daga Damagaram da ke son ta, in kana so ka ba da kafin alƙalami yau. Sun kuma samu abin fakewa. Tun da aka rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kayan da a da ke biyowa ta Kwatano suka koma doguwar hanya, kowa ya san ana jinkiri, don haka in motarka ta yi wata biyu ba ta iso ba, amsa tana bakinsu: "Ranka ya daɗe, ayari ake jira."

Wasu daga nan labarinsu ke ƙarewa, lamba ta daina shiga. Waɗanda aka kawo wa mota kuwa, su ne nake son in tsaya a kansu, don sun fi yawa kuma sun fi jin kunyar faɗa.

Wani dattijo, aminin mahaifina, ya kawo mini tasa. Ya ce, "Ɗana, duba mini wannan, sabuwa ce amma shan manta ya fi na tsohuwata." Daga gaba kam sabuwa ce: fitilu, bamba, ragar gaba, duk irin na fasalin 2020 zuwa sama. Da na buɗe ƙofar direba na sunkuya, robar fedar kuloci ta suɗe a gefe ɗaya har ƙarfe ya leƙo. Ƙafar mutum ba ta cinye wannan robar a wata uku. Na jawo bel ɗin kujera har ƙarshe, ƴar takardar da ke ɗinke a gindinsa tana ɗauke da shekarar 2016. Na shiga ƙarƙashi da tocila, baƙin fenti ne aka fesa a kan shasi, an fesa har kan busasshen laka, na kankare da sukuddireba sai ga tsatsa ja. Kawunan kusoshin da ke riƙe da fukafukan gaba duk sun ji sifana. Na ce, "Baba Alhaji, fuskar ce kaɗai sabuwa." Ya daɗe bai yi magana ba.

Abin ba wuya gare su. Hilux ta wannan zubin ta fito ne a 2015, aka sake mata fuska a 2020, gangar jikin kusan ɗaya ce, kuma ana sayar da kayan canjin fuskar a kasuwa. Kwanta ta zamani kuwa, mai lambobin lantarki, da kwamfuta ake mayar da ita baya cikin ɗan lokaci. Akwai ma waɗanda asalinsu sitiyarin dama ne, irin na Tailan, aka juya shi zuwa hagu, kuma wannan ya wuce maganar kuɗi, maganar rai ce, don birki da sitiyari aka taɓa.

Duk wanda zai sayi mota da sunan sabuwa, ya nemi lambar shasi tun kafin ya fitar da ko dala. Haruffa ne da lambobi guda 17. Ana samun ta a buge a jikin ƙarfen shasi, da kuma a kan farantin da ke jikin motar, kuma dole ta zama iri ɗaya da wadda ke kan takardar duwan (kwastan) da kart giriz (takardar mallakar mota), harafi da harafi. In wurin da aka buga ta ya yi santsi fiye da kewayensa, ko an ga alamar walda ko gurza, a tashi a bar wurin. Da wannan lambar wakilin Toyota a Yamai zai iya faɗa maka shekarar da aka ƙera motar. A duba tayoyi kuma: a gefen kowace akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Sabuwar mota tayoyinta biyar, har da safaya, kamfani ɗaya ne kuma kwanakinsu kusa da juna. Ta Baba Alhaji huɗu sababbi ne, safayar kuwa ta girme su da shekaru. Sun manta da ita. Sabuwar mota tana zuwa da fakitir na kamfanin da ya sayar da littafin garanti mai hatimi. Takardar duwan kuma kada a yarda da hotonta a waya, a ɗauke ta a kai ofishin duwan a tabbatar, don in ta jabu ce motar za a kama a hanya, kuma kai ne a ciki, ba ɗan kamasho ba.

Yanzu maganar mai, inda suke cin na biyu. Hilux mai gazuwal mai lafiya, a kan kwalta ba tare da kaya masu nauyi ba, tana shan kamar lita 8 zuwa 10 a kilomita 100. Ta Baba Alhaji ta kusa 15, saboda injektocinta sun gaji kuma injin ya sha tafiya. A lissafa: daga Maraɗi zuwa Yamai kusan kilomita 660 ne. Da farashin da gwamnati ta sa a Yulin 2024, lokacin da aka sauko da gazuwal daga sefa 668 zuwa 618, isansi kuma daga 540 zuwa 499, mai lita 10 zai kashe kamar jika 41, mai lita 15 kuwa kamar jika 61. Jika ashirin a zuwa kawai, ban da dawowa. Da, ana ɗan samun sauƙi da ruwa-ruwa, wato man sumoga, da ke shigowa daga Najeriya ta Ɗan Isa, amma tun da Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023 wannan ƙofar ta rufe. Saboda haka duk mai mota kunnensa a buɗe yake ga wanda ya ce zai rage masa shan mai, kuma ba laifinsa ba ne.

Sai masu tallar nan su dawo su ce motar "ba ta saba da man SORAZ ba", wai sai an daidaita mata kwamfuta. Wannan ma ƙarya ce. SORAZ, wato matatar mai ta Damagaram, tana aiki tun 2011, motocin ƙasar nan da manta suke tafiya. Maganin da suke kawowa ƴar roba ce da ba ta kai akwatin ashana biyu ba, ana soka ta a wata kafa mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wadda mu makanikai muke haɗa na'urar gwaji da ita. Suna cewa bayan an yi kilomita ɗari biyu za ta "koyi tuƙinka" ta rage shan mai da kashi 30 cikin ɗari. Na fasa ɗaya a gaban mai ita. Ɗan allo ne ƙarami da ƴan fitilu masu ƙyaftawa da maɓalli, babu abin da ke aika wa kwamfutar injin wani umarni. Aikinta ƙyafta ido. Kuma da yake wannan kafar tana da wuta ko mota a kashe take, in ka ajiye motar kwanaki tana iya shanye maka batir.

Suna da wasu kayan. Akwai maganaɗisu da ake ɗaurawa a bututun mai, alhali gazuwal ba ƙarfe ba ne, maganaɗisu ba ya canza masa komai. Akwai ƙwayoyi da ake jefawa cikin tanki, waɗannan su na fi tsoro, don injin gazuwal na zamani yana tura mai da matsi mai tsananin ƙarfi ta ƙofofin da ido da ƙyar yake gani, ɗan datti kaɗan ya ishe shi, kuma kuɗin injekta guda ya fi abin da za ka tara a wata da watanni. Akwai kuma kwalbar ruwa mai wayoyi, wai tana fitar da iskar da ke taimakon ƙonewa. Wutar da take ci daga ina? Daga injin, wanda mai yake sha kafin ya ba da ita. Abin da ka kashe ya fi abin da ka samu. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada irin waɗannan na'urori sama da 100, ba ta samu wadda ke rage shan mai yadda za a kira ragi ba. In da akwai roba ta jika talatin mai rage kashi 30, kamfanin da ya ƙera motar da shi zai fara sa ta.

Amma ai suna gwadawa a gaban mutum, ko? Ga yadda suke yi. Lambar shan mai da ke kan allon mota matsakaici ce ta duk tafiyar da ka yi, har da cunkoson babbar kasuwa da tsayuwa da kilim a kunne. Yaronsu yana soka robar, sai ya danna ya goge wannan lambar, ya karɓi tuƙi, ya ɗauki hanyar Tibiri ko ta Cadawa, kwalta miƙaƙƙiya, ƙafa a sanyaye, gudu saba'in zuwa tamanin. Dole lamba ta sauka. Ko an cire robar an jefar, haka za ta sauka.

Gwaji na gaskiya kowa zai iya yin sa. Cika tanki har pampo ya tsaya da kansa, rubuta kilomita, yi harkokinka yadda ka saba, koma gidan man nan ka sake cikawa, raba litocin da ka zuba da kilomitocin da ka yi, ka ninka da 100. Ka maimaita, don tanki ɗaya ba ya ba da shaida. Mai na'ura da ya yarda da kayansa, ka ce masa za ka biya bayan wannan gwajin. Ban ga wanda ya dawo ba.

Abin da ke rage shan mai kuwa ba a kwali ake sayar da shi ba. Iskar taya daidai da abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba. In ka rage iska don yashin hanyar Dakwaro, ka mayar da ita da ka hau kwalta. A fita daga giyar ƙafa huɗu in an bar yashi. Matatar iska a lokacin hunturu ƙura tana toshe ta da wuri, a duba ta akai-akai. Bidanj, wato canjin man inji, a kan lokaci, a zubar da ruwan da ke taruwa a matatar gazuwal. Ƙarafan da muke sa wa bashe a baya da kan rufi, da manyan tayoyi na ado, duk mai suke ci ko babu kaya. Sai gudu: mota mai faɗin ƙirji irin wannan, tsakanin 90 da 120 bambancin shan man ba kaɗan ba ne. Da barin inji yana aiki a ƙofar masallaci ko bakin shago don kilim.

Ga waɗanda abin ya riga ya shafa, don Allah kada kunya ta sa ku yi shiru, da shirunku suke samun na gaba. Kada ku goge saƙonnin WhatsApp da muryoyin da suka turo, ku adana takardar aika kuɗi, don tana ɗauke da sunan wanda ya karɓa da garin da ya karɓa. Ku ɗauki hoton lambar shasi da na takardun, ku kai ƙara kwamisariya ko wajen jandarma, kuma ku nemi sauran da aka cuta ku tafi tare. Baba Alhaji ya kai tasa ƙarar, an kuma samu ɗan kamashon, wanda ke rantsuwa shi ma la'ada kawai aka yi masa alkawari. Manyan nasa sun canza lambobi, kuma labarin da ke zuwa mana shi ne yanzu an fara ganin hotunan motocin nan a wayoyin ƴan kasuwar Tasawa da Gidan Rumji. Duk mai ɗan'uwa a can da ke shirin sayen bashe bana, ya kira shi ya karanta masa wannan.