Darasin kwamfuta da ake kawo mana har cikin aji

Shekara da shekaru, da alli nake zana kwamfuta a jikin allo ina nuna wa ɗalibaina inda linzami yake, domin makarantarmu da ke unguwar Zariya a Maradi ba ta da ko guda ɗaya. A bana ne muka ɗauki wata cibiya ta nan Maradi, wadda ke ɗauko kwamfutocin tafi-da-gidanka guda takwas a adaidaita kowace Asabar da safe, tana karɓar jika ɗaya a wata daga kowane ɗalibi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda malaminsu ya san darajar lokaci. Tun a makon farko ya sa kowane yaro ya zana allon haruffa a kan kwali, ya je gida yana horar da yatsunsa, ta yadda idan ya zauna gaban na'ura ba zai ɓata mintocinsa wajen laluben harafi ba. Na ga wata yarinya mai shirin jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare, wadda da farko take tsoron taɓa linzami, ta rubuta sunan mahaifiyarta, ta adana shi, ta rufe, sannan ta sake buɗe shi da kanta. Ba sa dogara da intanet ko wutar gari, saboda suna zuwa da batir cike, kuma manhajojin da suke koyarwa, wato LibreOffice da Scratch, kyauta ne, suna aiki ba tare da layi ba.

Sai dai akwai gyara. Yara sun zana allon haruffa mai tsarin AZERTY na Faransanci, alhali uku daga cikin na'urorin daga Kano aka sayo su, masu tsarin QWERTY, inda A da Q suka yi musayar wuri, kuma hakan ya rikita su ƙwarai. Haka kuma ba a saka musu hanyar rubuta ƙ da ɗ da ɓ da ƴ ba, abin da ya dame ni matuƙa, domin yaro Bahaushe ya cancanci ya rubuta harshensa daidai. Na faɗa wa malamin, ya ce: "Malam, ka yi haƙuri, za mu gyara kafin zango mai zuwa." A kan wannan alkawari ne muka sabunta yarjejeniyar.